Dokar da Na Rubuta a Bakin Kanal

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina roƙon Allah Ya sauke ki Abuja lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki fara wannan aiki da ƙafar dama. Na ba mahaifiyarki takardar nan ta sa miki a jaka. Ki karanta idan kin huta.

Kin san ni ba mai doguwar hira ba ne da ku, balle ke da kike ɗauke da sunan mahaifiyata, wadda ko sunanki ba na iya kira. Abin da baki ya kasa faɗa ne na ce bari in ba alƙalami.

Ranar da kika zo mini da maganar aikin nan, na tambaye ki wace jam'iyya ce. Kika ce, "Baba, ba jam'iyya ba ce. Ƙungiya ce mai zaman kanta. Muna wayar wa mutane kai su yi rajista su fita zaɓe, muna karanta dokar zaɓe mu yi musu bayaninta da harshensu, idan majalisa za ta yi wa doka gyara mu kai mata abin da jama'a suka ce." Na ce miki to, na tashi na fita. Na san kin ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Maganar dokar zaɓe da kika yi ce ta taɓo mini wani miki, domin ni ma na taɓa rubuta dokar zaɓe, kuma da ita na cuci mutum.

Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna ba. Ni ne ciyaman na ƙungiyar masu amfani da ruwa a reshen kanal ɗinmu, wanda ya ratsa gonakin rani tsakaninmu da ɓangaren Bunkure. Aikin ciyaman shi ne ya tsara wa za a buɗe wa ruwa yau, wa za a buɗe wa gobe, ya kuma kira gayya idan lokacin yasar kanal ya yi. Gonata tana sama, kusa da ƙofar ruwa. Gonakin can ƙarshe kuwa, inda ruwa ke isa a gajiye, masu su ba sa son noma su, sai su ba da haya. Saboda haka yawancin manoman ƙarshen kanal 'yan haya ne, wasu 'yan gari marasa gona, wasu baƙi, Musulmi da Kirista.

A cikinsu akwai Bitrus, mutumin Filato, manomin tumatir. Ya daɗe a cikinmu. Matarsa Saratu tare suke turara shinkafa da mahaifiyarki, kuma ranar sunanki ita ta kwana a kan tukunya. Bitrus mutum ne mai sanyin magana, amma ba ya haɗiye gaskiya. A wani taro ya miƙe ya ce, "Ciyaman, mu na ƙarshe ruwa ba ya iso mu sai ƙasa ta tsage. Muna roƙo a riƙa juyawa. Wannan zagaye a fara da na sama, zagaye na gaba a fara da na ƙasa."

Magana ce ta adalci, kowa ya sani. Amma mu na sama mun saba da ƙoshi. Na ce za a duba, ban duba ba. Da zaɓen ciyaman ya ƙarato, sai na ji 'yan haya sun haɗa kai za su mara wa wani baya, wanda ya yi musu alkawarin juya zagayen ruwa. Na duba na ga in suka tsaya wuri ɗaya, na faɗi.

Ummi, ban kira 'yan daba ba. Ban raba wa kowa komai ba, ban kuma yi wa kowa ƙarya ba. Zama na yi na rubuta layi ɗaya a ƙara cikin ƙa'idojin ƙungiya: mai gona ne kaɗai ke da ƙuri'a. Hujjata ma tana da daɗin ji. Na ce ɗan haya yau yana nan, gobe ya tafi, ta yaya zai zaɓa wa masu ƙasa shugaba? Sannan na kira taron amincewa da gyaran ranar Lahadi da hantsi. Na san sarai a lokacin su Bitrus suna coci, sauran 'yan hayar kuma sun kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan. Aka karanta, aka ɗaga hannu, aka amince. Babu wanda ya ɗaga murya. Aka yi addu'a aka watse.

Washegari Bitrus ya same ni a gona ina gyara kunya. Ya yi sallama ya tsaya daga bakin gonar.

"Malam Garba, ashe an yi taro."

Na ce, "An yi. Ai an sanar."

"Ranar Lahadi da hantsi."

"Ranar da ta samu ke nan."

Sai ya ce, "Yasar kanal fa? Ita ma masu gona ne kaɗai za su riƙa yi?"

Na ce a'a, wannan aikin duk mai shan ruwa ne.

Ya kalle ni, ba da fushi ba. Ya ce, "To, na ji. Allah Ya ba mu alheri." Ya juya ya tafi. Na ci zaɓen ba tare da wata wahala ba.

Ga abin da nake so ki riƙe daga wannan. Idan an ce maguɗi, mutane suna hango matasa da gora suna gudu da akwati. Wannan kowa yana ganinsa, kowa yana tsine masa. Wanda ya fi shi ɓarna shi ne wanda ake yi a zaune, cikin babbar riga, da bismilla a farko da fatiha a ƙarshe. Duk dokar da aka ajiye a gabanki, kada daɗin lafazinta ya ɗauke ki. Ki tambayi kanki wa ta bari a waje. Ki tambaya wa zai wahala kafin ya cika sharaɗinta, mai mota ne ko mai tafiya a ƙasa, mai takardu ne ko tsohuwar da ba ta san shekarar haihuwarta ba. Idan aka ce miki an ji ra'ayin jama'a, ki tambaya a ina aka zauna, wace rana, da wane harshe. Ki fi kula da waɗanda ba su zo ba a kan waɗanda suka zo. Na san wannan dabara ne don na yi ta.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Allah Ya ba ni damar gyarawa, na ƙi.

Ranin shekarar ya yi tsanani, ruwan da ake sakowa daga dam ya ragu. Mu na sama muka riƙa tare shi har gonakinmu su ƙoshi. Malam Habibu, wanda ya koya miki karatu a Islamiyya, ya tako har zaurena bayan la'asar. Ya ce, "Garba, ruwan nan ba kai ka saukar da shi ba. Riƙo aka ba ka. Ka kira taro ka warware abin da ka ƙulla tun ba a yi asara ba." Mahaifiyarki ma ta yi mini magana. Ta ce Saratu ta daina zuwa turara shinkafa, kullum tana gona tana taya mijinta.

A raina na san sun fi ni gaskiya. Abin da ya hana ni shi ne kada a ce ciyaman ya yi amai ya lashe. Na ce bari a ga bayan wannan rani, in ya so a gyara a hankali, ba tare da na ji kunya ba.

Wata rana na bi ta ƙarshen kanal a kan babur. Na hango Bitrus da Saratu suna ɗebo ruwa da jarka daga wani kududdufi, suna bin tumatir gindi-gindi suna zubawa. Tumatirin yana cikin fure, furen yana kakkaɓewa. Bitrus ya ɗago ya ganni, ya ɗaga mini hannu. Ni ma na ɗaga masa. Ban tsaya ba. Wannan wucewar da na yi, har yau ina jin ta a ƙirjina fiye da rubutun dokar.

Gonar ta ƙone. Kafin damina ta sauka suka tattara kayansu. Saratu ta shigo ta yi wa mahaifiyarki sallama, suka yi kuka tare. Bitrus ya tsaya a ƙofar gida, ni kuwa ina zaure ina jin muryarsa, na kasa fitowa. Bayan shekaru na shiga neman labarinsa wajen direbobin da ke ɗaukar kaya zuwa Filato. Wani ya ce ya san shi, ya rasu. Haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai shi ya yafe, kuma wanda zan roƙa ya tafi. Ina istigfari, ina sadaka, sauran yana wurin Allah.

Saboda haka, 'yata, idan kin yi kuskure ki janye shi da zafinsa. Ƙungiyarku ma za ta yi kuskure, ba makawa. Wata rana za ku faɗi magana a kan wani ɗan takara ko wani ma'aikacin zaɓe, daga baya ku gane ba haka ba ne. Za a sami wanda zai ce a yi shiru kada mutuncin ƙungiya ya zube. Ki zama mai cewa a fito a faɗa, da irin muryar da aka yi zargin. Kunyar yini ɗaya ta fi ta har abada sauƙi. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Abin da ya biyo baya ban yi tsammaninsa ba. Da lokacin yasa ya zo na kira gayya, 'yan haya ba su fito ba. Ba su yi faɗa da kowa ba, ba su yi zanga-zanga ba. Wannan ya ce bayansa ke ciwo, wancan ya ce ya yi baƙi. Su ne kuwa masu yawa, su ne masu ƙarfi a jika. Mu masu gona muka taɓa abin da za mu iya muka bari. Laka ta taru, ciyawar kacala ta cika kanal, gefensa ya fara zaizayewa. Shekara na bin shekara, ruwan da muka hana na ƙasa ya fara gagarar na sama. Ni da kaina na yi asarar albasa a gonar da ke kusa da ƙofar ruwa.

A lokacin ina zaginsu a raina, ina cewa ragwaye ne marasa kishi. Sai da na tsufa na gane cewa wanda aka hana baki, hannunsa yake janyewa. Za ki shiga garuruwa ki tarar da masu ce miki, "Me zan je yi a layin zaɓe? An riga an gama." Kada ki kira su jahilai, ko a zuciyarki. Ki zauna a tabarmarsu ki tambaye su yaushe suka daina zuwa, me ya faru. Kusan kowannensu yana da ranar da aka nuna masa ba a bukatarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kin saurare shi har ya gama, sannan ne naki bayanin zai sami wurin shiga.

Da kanal ya lalace, maimakon in dubi kaina sai na shiga neman wanda zai zo ya gyara mana. Babban zaɓe ya zo, wani ɗan takara ya tsaya a filin makaranta ya rantse cewa in ya ci, zai sa a yashe mana kanal a gina gefensa da siminti. Na ɗauki maganar nan na riƙa yawo da ita gida-gida kamar ni na haife shi. Ya ci. Muka jira, shiru. Na ɗebi manoma muka cika adaidaita sahu muka tafi ofishinsa, na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Da na gama, aka gaya mini cikin ladabi cewa kanal ba ya cikin hurumin kujerar da muka zaɓe shi a kai, wata hukuma ce daban ke da shi. Wato ya yi mana alkawarin abin da ba nasa ba, mu kuma ba mu san mu tambaya ba.

Na dawo gida na jefa katin zaɓena a ƙasan akwati. Zaɓe ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce, ina gona. In an yi mini magana sai in ce duk kanwar ja ce. Ina ganin kaina mai wayo. Amma rashin zuwana bai hana a zaɓi kowa ba. Wasu ne suka zaɓa mini, na kuma zauna a ƙarƙashin abin da suka zaɓa, kamar yadda 'yan haya suka zauna a ƙarƙashina. Bambancin kawai, su hana su aka yi, ni kuwa da hannuna na ajiye.

To ki koya wa mutane abin da ba a koya mini ba. Su san mene ne aikin kansila, mene ne na ciyaman na ƙaramar hukuma, mene ne na ɗan majalisa da gwamna, don in mutum ya yi musu alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba su gane tun a filin. Ki gaya musu dangwala ƙuri'a shuka ce kawai. Manomin da ya yi shuka ya tafi gida sai ranar girbi, ciyawa zai tarar. A riƙa bibiya, a riƙa zuwa ana tambaya, cikin natsuwa, a ƙofar da ta dace. Faɗan da na yi a ofishin nan ko cokalin laka bai fitar daga kanal ba.

Akwai kuma abin da nake jiye miki. Masu mulki da masu neman mulki duk za su so ku jingina gare su. Ba da tsawa za su zo ba. Da girmamawa za su zo, da kujerar gaba a taro, da "ƙanwata, ai mu ma abin da kuke so muke so." Ranar da aka gane kin karkata, ko da wajen wanda kike ganin ya fi kirki ne, maganarki ta zama ta ɗan jam'iyya, rabin jama'a sun toshe kunne. Ki gaishe da kowa, ki ci abincinki. Kuma waɗanda za ki yi aiki da su, akwai Musulmi akwai Kirista, akwai waɗanda ba su jin Hausa. Ki riƙe addininki da kyau, ki tsare sallarki, ki kuma tsare musu haƙƙinsu kamar yadda kike so a tsare naki.

Idan aka tura ki sa ido a rumfar zaɓe kika ga rigima ta taso, ki ja gefe. Aikinki ki gani, ki faɗi abin da kika gani, ba ƙari ba ragi. Ba a ce ki rungume akwati ba. Shaidar mai rai ake saurara. Ki riƙa sanar da mu inda kike, ko don hankalin mahaifiyarki ya kwanta.

Ki sani kuma, dokar nan tawa tana nan har yau. Na daɗe da sauka, ciyamomi sun zo sun wuce, babu wanda ya taɓa ta, domin tana yi wa na sama daɗi. Yaran yanzu sun ɗauka haka aka gada tun kafa kanal. Bayan maganarki da ni, na je na sami ciyaman mai ci na roƙi a ba ni dama in yi magana a taro mai zuwa, a sa shi ranar da kowa zai iya halarta, a kuma kira 'yan haya su zauna. Ya ce, "Baba Garba, kai da ka kawo ta?" Na ce shi ya sa. Waɗanda za su ƙi abokaina ne, tare muke sahu ɗaya a masallaci, kuma mai yiwuwa su rinjaye ni. Ko sun rinjaye ni, zan faɗa a gaban kowa dalilin da ya sa na rubuta ta. Ki sa ni a addu'a.

Saura abu ɗaya da na tsallake, shi ne ya fi kusa da gida. A zaɓen da na yi wa ɗan takarar nan yawo, na karɓe katin mahaifiyarki na ajiye a wurina, wai kada ya ɓata. Da safen zaɓe na miƙa mata, na nuna mata alamar da za ta dangwala wa, na maimaita. Ta ce, "To, Malam." Na daɗe ina lissafa ƙuri'arta a cikin waɗanda na kai wa mutumin.

Sai shekaranjiya, tana ɗaure miki kaya, na ce mata ban san inda kika gado wannan taurin kai a kan zaɓe ba. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, ranar nan da ka nuna mini alama, na ce maka to don kai mijina ne. Amma da na shiga wurin dangwalawa, ba ka nan. Ni ce da Ubangijina."

Na ce, "Wa kika zaɓa?"

Ta ce, "Ai shi ya sa ake kewaye wurin."

Na zauna a bakin gado. Shekara da shekaru ina tare da mace wadda ta fi ni sanin abin da ƙuri'a take nufi, ban taɓa tambayarta ra'ayinta ba. Idan kin shiga gidaje wayar da kan mata, ki tuna ba duka ne ke jiran a wayar da su ba. Da yawa sun sani, katinsu ne ke hannun wani. Ki yi magana da mazan ma, da ladabi, irin yadda za ki yi da ni. Ban sake tambayarta ba, kuma ba zan sake ba. Ke ma kada ki taɓa gaya mini naki, ko na tambaya.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya tsare mutuncinki da imaninki. Allah Ya sa gaskiya a harshenki, Ya ba ki ƙarfin faɗinta da hikimar faɗinta. Ya kare ki daga zaluntar kowa, Ya kare ki daga a zalunce ki. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki,
Garba